Salular Faransa ba ta da murya, in ji mutanen Tawa

Abin da ya same ni ran sunan ɗiyar ƙanena a Tawa har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai cikin metro mutane na kallona kamar wanda ya zare. Shekara tara ke nan ina zaune Liyon ta Faransa, aiki nake wata babbar magaza ta ajiyar kaya, kuma kun san yadda ɗan ci-rani yake in ya je gida, komi nasa sai an duba, takalmi, agogo, turare, balle salula.

An raɗa suna da safe, an raba goro da dabino, maza sun watse. Da la'asar mata sunka cika tsakar gida ƙarƙashin bash, ƙanena ya yo hayar ampli da bafle biyu manya da yaron da ke kula da su. Ana cikin kiɗa salular yaron ta mutu, sharji ya ƙare. Sai ƙanena ya ce "Yaya kawo taka mana, ai ta Turai ce." Na fiddo ta ina wani ƙasaita, yaron ya soka mata fil, na kai bolim ɗin ƙarshe har na danna na yarda da gargaɗin nan da take fitowa da shi. Jama'a, kamar sauro ya faɗa gwangwani. Yaron ya murɗa ampli har ya ƙure, kiɗan ya ɗan taso amma tare da wani shuuuu da gurnani kamar injin niƙa na can nesa. Goggona daga kan tabarma ta ce "Wai ɗan nan ita ma salular azumi take?" Gida ya ɗauki dariya. Wani yaron maƙwabta ya miƙo tasa, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi da anka ɗaure da roba, ana soka ta awakin da ke ɗaure bayan ɗaki sunka zabura. Ni kuwa na maida tawa aljihu, na koma wajen masu shayi.

To ba salular ba ce ta lalace, kuma ba cuta ta anka yi ba wajen saye. Doka ce. Tun 1996 Faransa ta yi dokar cewa duk na'urar sauraren kiɗa ta aljihu kada ta wuce desibel 100 a kunne (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma sai an rubuta gargaɗi cewa daɗewa ana saurare da cikakken ƙarfi yana lalata ji. Ba wasa suke ba, a 2002 sai da Apple ya janye iPod daga shagunan Faransa na ɗan lokaci har ya gyara shi ya bi dokar. Daga baya abin ya game Tarayyar Turai duka, daga 2013 na'urar da za a saida tana zuwa ne a ɗaure kan desibel 85, in kana son wucewa sai ka danna ka ce na ji na yarda, sannan ta bar ka har 100, kuma bayan awa 20 na saurare sai ta sake maido ka ƙasa ta sake tambayarka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Salula ba ta da kunne, ba ta san desibel nawa ke fita ba, abin da ta sani kawai ƙarfin lantarkin da take turawa ta ramin ekuter. Don haka masu dokar sunka ɗaure shi nan, a ma'aunin gwajinsu kada ya wuce milivolt 150 (milivolt 1000 ne volt 1). Ga ekuter wannan ya isa har ya yi yawa. Amma ramin AUX na ampli ko na rediyon mota, wato inda ake soka fil ɗin kiɗa, abin da yake jira ya kai milivolt 300 da ɗoriya, manyan kayan masu kiɗa na sana'a ma volt 1 da ɗan wani abu suke so, tsohuwar na'urar CD kuwa volt 2 take bayarwa in ta cika. Kun ga ke nan an kira gardi cin tuwo an ba shi loma guda. Har ɗan guntun fil ɗin nan na Apple da ake soka ma salular da ba ta da ramin ekuter, iri biyu ne, na Amurka yana kai volt 1, na Turai rabi, alhali in ka ajiye su tare ba ka bambanta su da ido.

Shi ampli kamar sanƙira yake, abin da ka faɗa masa shi zai ɗaga ya faɗa ma taro. In ka yi masa magana sarai sai ya maimaita sarai. In raɗa ka yi masa cikin hayaniya, sai ya kasa kunne sosai ya kwaso maganarka da hayaniyar duka ya kwarara. Shuuun nan da munka ji shi ke nan, dama yana nan kwance cikin fil da cikin ampli, murɗawar da anka yi har ƙarshe ita ta tashe shi. Akwai kuma wani abu da sai daga baya na gane, ni daga manhajar saurare ta intanet na kunna, irin su Spotify kuwa da kansu suke daidaita ƙarar waƙoƙi su sassauta masu ƙarfin don kada wata ta fi wata, shi kuwa yaron maƙwabta mp3 ne na kart memwar waɗanda anka turo ta WhatsApp, waɗanda tun daga situdiyo an matse su an cika su maƙil. Wato sau biyu anka rage ni.

Washegari don haushi na ɗauki salular na tahi kasuwa wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da na sani tun ina lakwal, rumfarsa na nan yadda take, tulin matattun rediyoyi, ƙarfen narka dalma bisa garwashi saboda kuran ba ta da tabbas. Na yi masa bayani, bai ko ɗago kai ba ya ce "Ɗana, ba ku kuka fara ba, duk masu zuwa daga can haka nasu suke. Soka ta ramin mikoro." Ya jawo wani ampli, ya sa mata kan fil mai kauri, ya soka. Kai! ƙara ta fito har mai nama na gefe ya waiwayo. Amma muryar mai waƙar ta yage, ganga ta koma kamar ana dukan langa-langa. Na ce Baba ai ta fashe. Ya ce "To an ji ko ba a ji ba?"

Wagga amsa tasa ita ce duka zancen. Ramin mikoro an yi shi ne don ƴar siririyar lantarkin da mikoro ke bayarwa, milivolt kaɗan, in ka tura masa na salula ya yi masa yawa nesa ba kusa ba, sai sautin ya daki rufi ya yanke, kuma irin wannan yagaggen sauti shi ke ƙona ƴan ƙananan lasifikan sama na bafle, shi ya sa rabin baflolin haya a gida gurnani kawai suke ba su da kaifi. Amma wa ya damu, an ji. Mu a wajenmu ƙara ita ce shaidar kyau. Je ka Babbar Kasuwar Yamai ko Katako ka ce kana son bafle, mai shago ba zai tambaye ka girman ɗakinka ba, zai kai shi ƙarshe ne ya dube ka yana murmushi, kwalin kuma an rubuta wat dubu kaza alhali batirin ciki bai fi na tocila biyu ba. Ka shiga motar Yamai zuwa Tawa, kilomita sama da 500, tun daga Doso har Konni fim na tsawa bisa kanka, in ka ce a rage sai a dube ka kamar ka zagi wani.

Da farko ni ma bayan Baba mai gyara nake. Na ce Turawan nan sun cika shisshigi, kunnena ne, kuɗina ne, ina ruwan gwamnati. Abin da ya sauya min ra'ayi a wajen aiki ya faru. Nan doka ce in ƙarar wurin aiki ta kai desibel 80 sai patron ya tanadi abin toshe kunne, in ta kai 85 dole ka sa. Kuma akwai likitan ma'aikata da ke duba mu lokaci lokaci. Ta sa ni cikin wani ɗan ɗaki ta ɗora min abin ji a kai ta ce in na ji tiii in danna. Na zauna ina jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Kunnena na hagu ba ya kama sirarran sautuka, ta nuna min layin a takarda ya gangara kamar hanyar kwari. Ta ce wane aiki ka yi da? Ban ba ta amsa duka ba amma ni na sani, shekara huɗu ina kabu-kabu a Yamai da ekuter a kunne an kai ƙarshe don in rufe ƙarar moto da iska, ga daren biki da muke kwana jingine da bafle. Ta ce abin da ya tahi ba ya dawowa, ƙananan gasun da ke cikin kunne in sun mutu ba su sake tsirowa. Yanzu in dare ya yi tsit ina jin wani siii kamar gyare, ni kaɗai ke jinsa.

Lissafin ba shi da wuya. Desibel 85 kunne na iya ɗaukarsa wajen awa 8 a rana, duk ƙarin 3 sai lokacin ya rabu biyu, kafin ka kai 100 ya koma minti 15. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce matasa biliyan 1.1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare, shawarar da take ba babba kuwa desibel 80 ne, awa 40 a sati. Ku dubi yaran fada da ƴan kabu-kabu ku faɗa min mutum nawa ne ke ƙasa da haka. Mu dai sai mutum ya tsufa yana "iye? mi ka ce?" a ce tsufa ne, ba wanda zai ce baflen bikin wane ne.

Duk da haka ban wanke Turawa tas ba, don dokar tasu makauniya ce ta wani gefen. An yi ta don kunne amma ta faɗa kan fil. In na soka salula a rediyon tsohuwar motata ba abin da ke cikin kunnena, amma haka za ta lissafa min awa 20 ta rage ƙara ina tsakiyar otorut ta ce in danna, wato don a tsare min kunne sai in ɗauke ido daga hanya. Kuma maganin ba wani abu ba ne mai wuya, tsofaffin iPod suna da mafita ta ƙasa dabam mai ba da cikakken sauti don ampli wadda ba ruwanta da bolim, yanzu ma iPhone na barinka ka faɗa masa cewa wanga Bluetooth na mota ne ko na bafle, ba ekuter ba. To mi zai hana kowace salula in an soka mata fil ta yi tambaya guda, kunne ne ko bafle? Amma in za a ce in zaɓa tsakanin salular da ta ba ni kunya gaban goggona da wadda ta cinye min kunnen hagu, ai ba sai na yi shawara da kowa ba.

Wanda ke da salula irin tawa, ko wanda ɗan'uwa ya aiko masa da ita daga Turai yana ta zagin ta, ga abin da na koya. In baflen na da Bluetooth ko ramin kile ko na kart memwar, bi ta can, don nan waƙar ba ta bi ta ramin ekuter ba, baflen ne da kansa ke maida ta sauti. In ta Bluetooth ɗin ma ta yi ƙasa duba, sau da yawa bolim biyu ne, na salula dabam na bafle dabam. In dole sai fil, to AUX, kada mikoro ko Baba ya ce, ka sauke ampli ƙasa tukuna, ka ɗaga salula kusan ƙarshe, sannan ka riƙa ɗaga ampli a hankali har inda sauti bai fara yagewa ba. Mutane akasin haka suke yi, ampli a ƙure salula a rabi. Kuma in ka gama ka sauke bolim kafin ka maida ekuter, na taɓa mantawa sau ɗaya, kamar an mare ni.

Da na koma Liyon na sayi wata ƴar na'ura kamar kan yatsa da ake sokawa ramin sharji, tana fidda volt 2 cif, na haɗa da kwali guda na abin toshe kunne irin na wajen aikinmu, masu ruwan lemu masu laushi, na ba wani ɗan garinmu mai tahiya gida ya kai ma ƙanena, na ce na'urar tasa ce, na kunnen kuma a ba yaron mai bafle tunda shi ke wuni gindinsu. Bayan sati biyu ya turo min vokal, bayansa kiɗa na tashi har ba na jin shi sosai, yana ihu "Yaya abin nan ya yi, yanzu har unguwar Bilbis ana jin mu!" Na ce to na kunnen fa? Ya ce yaron ya gwada ya ce suna hana shi jin kiɗa, yara sun kwashe suna wasa da su, guda biyu kuma Goggo ta ɗauka ta toshe bakin butar ta da na tulun man gyaɗa.