Hawa Babu Zagi a Dajin Okabango

Aikin ofis ne ya kai ni Maun, wani gari a arewacin Botswana, taron bita a kan cutar baki da kofato ta shanu. Mutanen ƙasar ba sa wasa da wannan cuta, domin naman shanu suke sayar wa Turai, ita kuwa ɓauna tana yawo da ƙwayar cutar a jikinta ba tare da ta kwantar da ita ba. Shi ya sa suka ja dogon shingen waya, shanu a wannan gefe, namun daji a wancan. Mu a gefen shanu aka ajiye mu, muna shan shayi muna kallon majigi, lafiya lau.

Ana gobe za a watse, wani Bature ɗan Holan da muke zama teburi ɗaya ya shigo yana dafe da ƙugu. Tun daga gida ya biya kuɗin yawon kallon namun daji a kan doki a cikin Okabango, ga shi baya ya riƙe, kuɗin kuma ba a mayarwa. Da ya faɗi abin da ake biya a kwana ɗaya, na juya shi zuwa naira a waya, sai na kashe wayar na sake kunnawa don na zaci ta sami matsala. Ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya iya hawa. Kowa ya yi shiru. Ni kuwa tun ranar da aka buɗe taron babu wanda ban nuna wa hotona na Hawan Daushe ba: ga rawani, ga alkyabba, doki ya sha kaya har ba a ganin wuyansa. Sai duk teburin ya juyo ya dube ni. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Aka turo takarda in cika. Nauyinka nawa? Iyakarsu kilo 95, na rubuta 94, da yake na yi niyyar rage abincin dare. Tun yaushe kake hawa? Tun ina saurayi, kuma gaskiya ce, kowace Sallah. Za ka iya sukuwa a fili, ka kuma mallaki doki idan hatsari ya taso? Na tuna jahi a ƙofar fada, na rubuta e. Babu inda takardar ta tambaya ko akwai zagi biyu da ke riƙe min linzami dama da hagu, ko kuwa shi jahin daga gefe nake kallonsa. Abin da ba a tambaye ka ba, ba ka da hurumin amsawa. Ko a gaban alƙali haka ne.

Wani ɗan mitsitsin jirgi ya ɗauke mu daga Maun. Matuƙin yana ta bayani: kogin Okabango daga tsaunukan Angola yake tasowa, amma ba ya kaiwa teku, sai ya zo ya baje a cikin yashin Kalahari ya ƙare a nan. Ruwan da aka yi a Angola a farkon shekara watanni yake yi a hanya, sai ya iso wajen Yuni da Yuli, lokacin da Botswana ta bushe ƙayau, shi ya sa duk wata dabba mai ƙishirwa take yin nan. Ya ce a 2014 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne ma na 1,000 cif. Ya ce a leƙa ƙasa a ga giwaye. Waɗanda idonsu ke buɗe sun ce abin da kyau.

Gaskiya bargar sansanin ta burge ni, kuma a matsayina na malamin dabbobi nake faɗa. Dawaki sumul-sumul, kofato a gyare, ana shigar da su ɗaki tun kafin magariba saboda zaki da kuma ƙananan ƙudajen da ke kawo cutar dawaki. Tsando kuwa, mai sa wa dabba sammore, an yi masa feshi da jiragen sama a 2001 da 2002 har aka kawar da shi daga yankin. Duk wannan na tsaya na yi wa shugaban barga bayaninsa dalla-dalla, shi da aka haifa a wurin, yana ta gyaɗa kai yana cewa, “Haka ne, Rra,” wato “Malam” da yarensu. Kafin dare labari ya bazu a sansani cewa an kawo ƙwararre daga Najeriya.

Da asuba na fito cikin farar shadda, ɗinkin da na tanada don rufe taro. Sanyi ya mare ni, domin Yuli a can tsakiyar hunturu ne. Jagoranmu, wani siririn saurayi mai magana a hankali, ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya ce farin kaya dabba na hango shi daga nesa, sai dai mai ruwan ƙasa ko kore. Aka aro min wandon wani ma'aikaci wanda bai kai idon sawuna ba, aka cire min zanna-bukar aka kifa min hular kwano. Na ce a kawo min ingarma. Ya ce ba sa fita daji da ingarma, dandaƙaƙƙu ne suka fi natsuwa. Na haɗiye wannan ma.

Sai ga sirdi. Jama'a, wanda ya saba da sirdinmu na gida, mai tudu gaba da baya, wanda in ka zauna ciki ko gyangyaɗi ka yi ba ka faɗuwa, a kawo masa wani abu shafal kamar faifai a ce ya zauna a kai! Likkafar 'yar siririya, linzamin kuma ba shi da wani kaifi, wai da hannu biyu ake riƙewa a yi ta lallashi. Na tsaya ina jiran mai riƙe min likkafa da mai cewa “Hattara, sannu-sannu.” Babu kowa. Wata tsohuwa 'yar Ingila, wadda a ƙiyasina ta haura saba'in, kuma tun daren jiya nake tausaya mata a zuci, ta ɗaga ƙafa ta haye nata ba tare da ko nishi ba. Ni sai da aka jawo dokin kusa da wani kututture.

Kafin a tashi jagora ya karanta mana dokoki. Shi ne a gaba da bindiga da doguwar bulala, mataimakinsa a baya, babu mai wuce na gaba. In ya ɗaga hannu, a tsaya, a yi shiru. In an ga ramin dabgi, a faɗa wa na baya. In zaki ne, kada a gudu, a haɗu wuri ɗaya. In giwa ce, a duba kunnenta: idan ta baza kunnuwa tana kururuwa tana watsa ƙura, yawanci barazana ce, idan ta lanƙwashe su baya, ta naɗe hanci, ta sunkuyar da kai ta taho shiru, to ba wasa a ciki. Ya ƙara da cewa Botswana tana da giwaye wajen 130,000, babu ƙasar da ta kai ta a duniya. Ban ga amfanin faɗar wannan adadi ga mutumin da ke zaune a kan irin wannan sirdi ba.

Tafiyar farko a hankali aka yi ta, har na fara gyara zama ina ɗaga kafaɗa. Sai jagora ya ce a yi sassarfa. Su a tsarinsu, in doki na sassarfa, mahayi yana tashi yana zama daidai da takunsa. Ni in doki ya yi sama sai in yi ƙasa, in ya yi ƙasa in yi sama, mu haɗu a tsakiya. Tsohuwar nan ta matso kusa da ni, wadda tun a lokacin na raɗa mata Gwaggo, ta ce, “Ɗana, ka saki jikinka, ka bar shi ya ɗaga ka.” Na ce mata salon ƙasarmu ne. Ta ce lallai mutanen ƙasarmu suna da haƙuri.

Amma fa abin da aka je gani an gan shi. Muka ɓullo wata fadama, sai ga raƙuman dawa suna cin ganyen ƙaya, ga jakunan dawa a gefensu, ga gadu da 'ya'yansa sun miƙe wutsiya sama suna gudu a jere. Babu ƙarar inji, babu gilashi tsakaninka da su, har tsinkar ganyen kana ji. Dalilin da ba sa watsewa shi ne warin doki ya danne na mutum, kuma su a idonsu wata dabba ce mai ƙafa huɗu ta zo kiwo. Saboda haka ake sakar wa doki linzami ya sunkuya ya ci ciyawa, in sun ga yana ci sai hankalinsu ya kwanta. To mu a gida dokin da ya sunkuya yana cin ciyawa a tsakiyar hawa ya ci mutuncin mai shi. Nawa na sunkuyawa na fizgo kansa. Ya sake, na sake. Ya waiwayo ya dube ni da ido ɗaya. Jagora ya yi raɗa, “Rra, bar shi ya ci, aikinsa yake yi.”

Rana ta ɗaga muka shiga wani kurmi. Jagora ya ɗaga hannu. Da farko na ɗauka suri ne, sai surin ya kaɗa kunne. Toron giwa, shi kaɗai, yana ɓalle reshe yana turawa a baki, tsakaninmu da shi bai fi jifan dutse ba. Kowa ya yi tsit. Dawakai sun miƙe kunnuwa. Ni ma na yi shiru irin wanda ban taɓa yi ba ko a gaban surukina.

A nan ne wayata ta tuna min cewa ƙarfe goma ta yi, lokacin shan shayin taro. Babu sabis a Okabango, amma agogon waya bai san da wannan ba. Sautin da na sa masa kuwa algaita ce da tambari, wanda na ɗauka da kaina a hawan bara, kuma na ƙure ƙarar. Wayar tana aljihun wandon aro, wandon ya matse, hannu ya ƙi shiga.

Toron ya saki reshe. Ya juyo. Ya yi wata kururuwa da na ji ta a cikin haƙorana. An ce in duba kunne. Ina so mai wannan doka ya zo ya gwada. Na dai ji ƙarar bulalar jagora, na ji mataimakinsa yana cewa a juya a hankali a bi shi. Dokina ya amince da batun juyawa, batun a hankali ne bai samu shiga ba.

Sukuwar da na rubuta a takarda, ranar na fara yin ta. Likkafar dama ce ta fara tafiya, ta hagu ta bi ta. Linzami ban san inda ya yi ba. Na rungume wuyan doki, fuskata cikin gezarsa, muka faɗa fadamar da ruwa ya kwanta, ruwa na tashi ta ko'ina, hular kwano ta rufe min ido, algaita na ta busa daga aljihuna, tambari na amsawa. Wasu barewar ruwa jajaye suka tashi suna tsalle tare da mu, wai abin da Turawa ke biyan daloli su gani ke nan; ni ta ƙarƙashin hammata na hango su. Duk addu'ar da na haddace tun daga makarantar allo na karanta ta, har da ta shiga kasuwa.

Da muka kai wani tsibiri mai itatuwa dangin goriba, dokin ya ga ciyawa mai kyau, irin wadda na hana shi tun safe. Ya ja birki, ya sunkuyar da kai. Ni ban tsaya ba. Na bi ta kan wuyansa, na wuce kunnuwa, na sauka zaune a cikin ruwa iya ƙugu, tsakanin furannin bado. Daidai nan algaita ta yi shiru, kuma har yau wayar ba ta sake magana ba.

Gwaggo ce ta fara isowa, a tsanake, ko gashinta bai hargitse ba. Ta dira, ta wuce ni, ta je ta shafa ƙafafun dokin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga kofato ta duba. Sannan ta waiwayo ta ce wa mataimakin jagora, “Alhamdu… lafiyarsa ƙalau.” To, ba alhamdu ta ce ba, amma fuskarta abin da ta nuna ke nan. Sai daga baya ta tambaye ni ko ruwan da sanyi. Jagora ya iso yana naɗe bulala, ya ce toron ko taku biyar bai yi ba, kunnuwansa a baje suke, ya ma koma kan reshensa. Ya ce shekarunsa da yawa a daji, ya ga an fusata giwa da hoto, ya ga an fusata ta da tari, amma bai taɓa ganin an zo mata da makaɗa ba.

Da dare a bakin wuta aka kawo tuwon masara da dakakken nama da suke kira seswaa. A tsaye na ci nawa, na ce musu al'adar mahaya ce a wajenmu. Na kuma yi musu bayanin zamiya, yadda mahayi ke tahowa a guje ya tsayar da doki cak a gaban sarki, na ce abin da suka gani ɗazu wani reshe ne nata. Wani Bajamushe ya rubuta a littafinsa. Jagora bai ce komai ba, sai ya sanar cewa gobe hanyar ta ratsa wani mashigi mai zurfi, za a cire sirdi dawakai su yi iyo da mahayansu a kai.

Na ce a gaskiya ni tun a Maun nake sha'awar kwalekwalensu na gargajiya, mokoro, kuma bai kamata mutum ya zo har nan ya koma bai shiga ba.

Da safe aka shimfiɗa min matashi biyu a cikin kwalekwalen, mai tuƙi ya tsaya a baya da doguwar sandarsa, muka kutsa cikin ciyawar ruwa. Bakin jirgin da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Da muka yi nisa, ya gyara murya ya ce, “Rra, na manta ban tambaye ka ba. Ka iya ruwa?”

Na gyara zama zan ba shi labarin yadda muke wanka a rafin garinmu muna yara, sai wani dutse da ke gabanmu ya buɗe baki ya yi hamma.