Ƙannena na Damagaram, ku riƙe makullin wayoyinku

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙannena samari da ƴan mata, na Birni da na Zango, na Sabon Gari da Garin Malam da Kara-Kara, yau a kan wayar da ke hannunku nake son mu yi magana. Ba zan ce ku ajiye ta ba. Da ita ake ciniki, da ita ake gaida wanda ya tafi ci-rani, da ita ɗalibin jami'ar André Salifou yake karɓar darasi daga abokansa. Abin da ke damuna shi ne sakacin da muke yi da ita, alhali ba mu kaɗai ba ne a cikinta. Lambar mahaifiyarka tana ciki. Hoton ƙanwarka na ranar kamunta yana ciki. Muryar amininka da ya faɗa maka damuwarsa cikin dare tana ciki. Ranar da wani ya ƙwace WhatsApp ɗinka, da sunanka da fuskarka zai je wa mutanen nan, kuma yardar da suka yi da kai ce za ta sa su saurare shi.

Ɓarnar tun ranar sayen waya take somawa. Ka shiga Kasuwar Dole, ka zaɓi Tecno ko Itel, an yi ciniki an sallama. Sai ka miƙa wa yaron shago ka ce ya buɗe maka ita. Kana can kana zaɓen riga da gilashin da za a manna mata, shi kuma ya ƙirƙiro maka Gmail da sunan da ya zo bakinsa, ya sa lambar sirrin da ya ga dama, ya haɗa wayar da tasa ta Xender, manhajar tura abubuwa daga waya zuwa waya, ya juye maka manhajoji iri-iri. Ka ba shi dala ɗari na shan ruwa, ka hau kabu-kabu kana murna. Ba ka tambayi sunan Gmail ɗin ba, balle lambar sirrin. Ba ina cewa yaran shago macuta ba ne, yawancinsu neman halal suke, kuma kafin la'asar shi kansa ya manta abin da ya rubuta. To amma ka duba halin da kake ciki: ka sayi gida ka tare, makullin yana aljihun wani.

Wannan Gmail ɗin da ka raina shi ne uwar komai a wayar Android. Nan lambobin mutanenka suke ajiye, ta nan kake shiga Play Store, kuma sau da yawa nan Facebook yake aika saƙo in ka manta hanyar shiga. Ko wayar ce ta rikice aka wanke ta, tana iya tsayawa ta ce sai an sa mata asusun da yake kanta da farko, in ba ka san shi ba kuwa sai ka yi ta yawo da ita wajen masu gyara. Saboda haka yau ɗin nan ka shiga ka ga wane suna ne a kan wayarka. In ba ka san lambar sirrinsa ba, ka canza ta tun layinka yana hannunka, ko ka buɗe sabo da kanka.

Lambar sirrin kuma kada ta zama shekarar haihuwarka, ko lambar wayarka, ko 1234, ko sunan budurwarka wanda duk ƴan fadarku sun sani. Ka haɗa kalmomi uku ko huɗu waɗanda babu abin da ya haɗa su, ka cakuɗa da lambobi, domin tsawonta shi ne ƙarfinta. Ta Gmail daban, ta Facebook daban. Ka rubuta su a littafi ka adana a ɗaka inda kake ajiye takardun makaranta. Wannan ya fi ka dogara da ƙwaƙwalwa, ya kuma fi ka tura wa aboki ya riƙe maka.

Sai maganar abin da muke zubawa a wayar. Na san dalilin da ya sa muke karɓar manhaja ta Xender: mega tana da tsada, layi yana jan ƙafa, ga abokinka nan kusa da ita a wayarsa. Amma manhajar da ta bi hannu goma kafin ta iso gare ka, wa ya san abin da aka cusa mata a hanya? Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda kuka fi so, wato GB WhatsApp da ƴan uwanta masu launi-launi. Kuna son ta don tana nuna saƙon da aka goge, tana ɓoye cewa ka karanta, tana sauke status ɗin mutane. Ku sani ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba. Wasu ne da ba ku san sunansu ko ƙasarsu ba suka ɗauki ta asali suka farke ta suka sake ɗinkewa, shi ya sa ba za ku same ta a Play Store ba. Duk hirar da ka yi da duk hoton da aka turo maka ta cikin abin da suka ƙera yake bi, kuma babu mai ba ka tabbacin inda yake ƙarewa. Kamfanin da kansa ya sha faɗa cewa yana rufe lambar da ya kama tana amfani da irinsu. Ni a ganina ma, son ganin abin da ɗan uwanka ya rubuta ya janye ba hali ne mai kyau ba. Ya goge don bai so ka gani ba, ka bar masa abinsa.

Ko a Play Store ɗin ma sai da lura, don ba duk abin da ke can ne mai tsabta ba. Kafin ka sauke, ka duba sunan wanda ya yi ta, ka duba yawan waɗanda suka sauke, ka karanta ƙorafin masu tauraro ɗaya, su ne ke faɗin gaskiya. Bayan ka sauke kuma za ta fara roƙon izini. A nan ne yawancinmu muke danna «Autoriser» ido rufe. Ka tsaya ka tambayi kanka: manhajar tocila me za ta yi da lambobin mutanena? Ta gyaran hoto me ya haɗa ta da saƙonnin SMS? In roƙon bai dace da aikinta ba, ka hana, in ta ƙi aiki ka cire ta.

Ku dubi abin da ya faru da maƙwabtanmu a Najeriya da manhajojin ba da rance. Mutum zai karɓi ɗan kuɗi kaɗan, ya ba su izinin shiga lambobinsa, ranar da ya yi jinkirin biya sai a aika wa surukansa da maigidansa saƙo ana kiransa ɓarawo. Abin ya yi muni har hukumomin can suka shiga kai samame a 2022, Google kuma a 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa hotuna da lambobin mutane. Haka masu cewa ka zuba jikka goma ka kwashi ashirin cikin wata guda. MMM ta rufta da jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a 2025, kuma gobe wata za ta fito da sabon suna. Tsakaninmu da Kano ba nisa, abin da ya ci kasuwa can ba ya daɗewa yake shigowa nan ta group. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, haka iyayenmu suka ce, kuma waya ba ta canza wannan ba.

Yanzu ga wadda ta fi cin mutane, ina roƙon ku karanta da kyau. Waya za ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Murya mai ladabi, sallama cikakkiya, har ya kira sunanka. Ya ce shi ɗan group ɗinku ne na tsofaffin ɗalibai, ko na karatun da kuke yi, ko na ƴan kasuwa, wai za a yi taro ta intanet yau da dare, an tura wa kowa lambar shiga, ka duba saƙonka ka karanto masa don ya sa sunanka. Ka duba, ga saƙo kuwa ya shigo, lambobi shida. Ka karanto. Shi ke nan. Abin da ya faru shi ne ya rubuta lambar wayarka a WhatsApp ɗin da ke tasa wayar, kamfanin ya aiko maka lambar tabbatarwa don ya gane ko kai ne, kai kuma ka miƙa masa da bakinka. Kafin ka kurɓi shayin da ke hannunka an fitar da kai. Daga nan zai bi groups ɗinka ɗaya bayan ɗaya. Yayarka da ke aure a Agadas za ta ga saƙo da hotonka: «Ina asibiti da yaro, don Allah turo jikka ashirin ta wannan lambar, gobe zan mayar.» Za ta tura, don ba ta taɓa jin ka yi mata ƙarya ba.

Kada sanin sunanka ya ruɗe ka. Duk wanda ke group ɗaya da kai yana iya ganin lambarka, kuma a 2021 an watsa bayanan masu Facebook miliyan 533 na ƙasashe 106 a intanet, har da sunaye da lambobin waya. Sanin suna ba shaida ba ce. Lambar da ta shigo maka ta SMS taka ce kai kaɗai. Ba a faɗa wa shugaban group, ba a faɗa wa wanda ya ce daga kamfani yake. Haka lambar sirrin asusun kuɗinka, ko na Airtel Money ne, ko Nita, ko Amana: ma'aikacin gaskiya ba zai kira ka ya tambaye ta ba. Wanda kuma ya ce ya yi kuskuren turo maka kuɗi ka mayar masa, ka duba asusunka da kanka tukuna, don saƙon ƙarya ba wuyar rubutawa gare shi ba.

Akwai kariyar da ba ta cin ko dala. Ka buɗe WhatsApp, ka shiga «Paramètres», sai «Compte», sai «Vérification en deux étapes». Ka sa lambobi shida naka na kanka, ka haɗa da Gmail ɗinka. In ka yi haka, ko an yaudare ka ka faɗi lambar SMS, ɓarawon zai tarar da wata tambayar da ba shi da amsarta. Facebook da Gmail su ma suna da irin wannan. Sannan a WhatsApp ɗin ka leƙa «Appareils connectés», inda ake ganin na'urorin da aka haɗa da shi. Wanda ka ara wa waya ya yi kira yana iya haɗa WhatsApp ɗinka da wayarsa ko kwamfutarsa cikin ƙiftawar ido, ya zauna yana karanta hirarka kana nan ba ka sani ba. In ka ga na'urar da ba ka gane ba, ka cire ta.

In kuma abin ya riga ya faru, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka sake shigar da lambarka a WhatsApp, sabuwar lambar tabbatarwa za ta zo layinka, da ka sa ta an kori wancan. In ya riga ka sa lambobi shidan nan na biyu, za ka iya jiran kwana bakwai kafin ka koma. Cikin wannan lokaci ka kira dangi da baki, ka sa abokai su sanar a kowane group cewa ba kai ba ne.

Duk wannan a kan layinka ya rataya, shi ya sa nake jin takaici in na ga saurayi yana yawo da sim ɗin da aka yi wa rajista da katin wani. Ranar da wayar ta faɗi, ka je ajans a sake maka layin, za a nemi mai katin. Ina za ka gan shi? Ka je da katinka a mayar da layin sunanka. Masu zuwa Libiya da Aljeriya da Kano kuma, kuna buɗe Facebook da layin can, ku dawo gida ku jefar da sim ɗin. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sayar wa wani, kuma sabon mai shi ne zai riƙa karɓar saƙonnin tabbatarwarka. Kafin ka rabu da layi, ka sauya lambar a duk inda ka sa ta.

Ƙannena mata, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, don ƙauna ce ta sa. Hoton da ba za ki so Baba ya gani ba, kada ki ɗauka, balle ki tura, ko da an sa ranarku. Gani-sau-ɗaya, wato tura hoton da ke ɓacewa da an buɗe shi, ba kariya ba ce, da wata wayar ake ɗaukar hoton fuskar waya. Mun san yadda garin nan yake, magana ɗaya in ta fita da safe, kafin magariba ta gama unguwanni. In za ki kai waya gyara, ki cire sim da katin ajiya, in aikin na buƙatar a buɗe ta ki tsaya a yi a gabanki. In wani ya riƙe hotonki yana yi miki barazana, kada ki ba shi ko dala, don wanda aka ba yau gobe ma zai dawo. Ki adana saƙonninsa, ki faɗa wa babban da kika yarda da shi, ku je wajen ƴan sanda. Ƙasarmu tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 a kan laifukan intanet. Ku kuma samari, wanda aka turo masa hoton ƴar mutane ya tura gaba, ya sani yana da kaso a zunubin, ko da ba shi ya fara ba. Ka goge, ka kuma gaya wa wanda ya turo ya ji tsoron Allah.

Iyayenmu su ma sun shiga WhatsApp, da saƙon murya suke zumunci, yawancinsu kuwa ba sa karanta Faransancin da wayar ke rubuto musu. Ku ne kuke karanta musu. In kun koma gida yau, ku karɓi wayar Inna da ta Baba da ladabi, ku sa musu lambobi shidan nan, ku rubuta a ajiye musu, ku cire manhajojin da ba su san da su ba. Sannan ku gaya musu da Hausa ƙarara: duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lamba, a kashe wayar, duk saƙon neman kuɗi, ko da sunanku ya zo, kada a tura sai an kira an ji muryarku.