Kafin ka sa hannu a kai Baba gidan kula da tsofaffi

'Yan'uwa mazauna Ingila, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganar gidajen kula da tsofaffi ta shigo mana gida, ko mun so ko mun ƙi. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan karatu ko aiki tun da daɗewa yanzu girma ya kama su. Wani shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, wata gigin tsufa ya taɓa ta har takan kunna gas ta manta. 'Ya'ya suna wurin aiki dare da rana, babu gwaggo ko ƙanwa a tsakar gida da za a bar wa amana. Na san nauyin abin a zuciyar Bahaushe, kuma ba zan yi wa kowa gori ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake zaɓen gidan: a leƙa hotuna a intanet, a je sau ɗaya manaja ya zagaya da mutum, a ga kafet da furanni da katafaren falo, a sa hannu.

Aikin da nake yi ke nan, kula da tsofaffi, kamar dubban 'yan Najeriya da suka shigo bayan an buɗe bizar wannan aiki a 2022. Na rantse muku, falo ba ya nuna komai.

Za a ce ai akwai hukuma. Akwai. Hukumar sa ido kan ingancin kulawa, wato CQC, ce ke duba gidajen a Ingila tun 2009, tana ba su maki hawa huɗu, daga na ƙwarai zuwa wanda bai cancanta ba, kuma doka ta tilasta wa kowane gida ya kafe makinsa inda jama'a za su gani. Ku karanta rahoton gaba ɗaya, amma ku fara duba kwanan watansa. Binciken da Dakta Penny Dash ta yi a 2024 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba, wasu kuma makinsu ya shekara da shekaru. Ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, da bakinsa ya ce hukumar ta gaza. Gidan Orchid View da ke West Sussex ma shaidar mai kyau aka ba shi a 2010, aka rufe shi a 2011, daga baya mai binciken mace-mace ta tabbatar sakaci na da hannu a mutuwar tsofaffi biyar a can. Tsakanin zuwan masu dubawa da zuwanka, ana iya canza manaja, rabin ma'aikata su watse.

Shi ya sa nake cewa ingancin gida a jikin tsofaffin yake. Je ka ba tare da ka sanar ba, lokacin abincin yamma ko ranar Lahadi, sa'ad da manaja ba ya nan. Ka kalli faratansu, an yanke ko datti ya maƙale a ƙarƙashi. Ka kalli leɓɓansu, in sun bushe sun tsattsage ba a ba su ruwa isasshe. Sau da yawa kofin yana cike a kan tebur, amma an ajiye shi inda hannun mai shi ba ya kaiwa, kuma a takarda an rubuta an ba da ruwa. Ka tsaya ka ga yadda ake ciyar da wanda ba ya iya ci da kansa. Mai kula ta gari kujera take jawowa ta zauna daidai fuskarsa, ta jira ya haɗiye kafin ta ɗebo wani cokalin. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci a tsaye ake ɗura wa mutum, ido na kan agogo, bayan ɗan lokaci a ɗauke faranti a ce ya ƙi ci. Zarnin fitsari da sassafe a ɗaki ɗaya ba abin mamaki ba ne. Zarnin da ya kama labule da kujeru, aka bi shi da turaren fesawa, wannan ya gaya maka ana barin mutane cikin jiƙaƙƙen kunzugu.

In an danna ƙararrawa, ka lura da tsawon lokacin da take ɗauka kafin wani ya amsa.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda mutanenmu ke jin nauyin yi, ita ce: mutum nawa ke aikin dare, a kan tsofaffi nawa? Nawa ne ma'aikatan gidan na dindindin, nawa ne na haya da kamfani ke turowa yau wannan gobe wancan? Ma'aikaciyar da ta daɗe da tsohuwa ta san shirunta na yau ba irin na jiya ba ne, ta san ciwon mafitsara na iya rikita tsoho kafin zazzaɓi ya bayyana. Baƙuwa ba za ta gane ba, komai kirkinta. Ka kuma tantance irin gidan, don ba duka ke da nas dare da rana ba. In Baba na kwance ne ba ya juyawa, ka nemi a nuna maka takardar da ake rubuta lokutan juya shi. Gyambon kwanciya daga ɗan ja a ƙugu ko dunduniya yake farawa, in aka yi sake sai ya ci har ƙashi.

Akwai wani abu da ke ruɗin baƙo: gida tsit, kowa na gyangyaɗi a kujera da rana tsaka. Ba lallai kwanciyar hankali ba ce. Rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya kiyasta mutum 180,000 masu gigin tsufa ake bai wa magungunan taɓin hankali a ƙasar, akasarinsu ba tare da sun amfana ba, kuma hakan na jawo ƙarin mutuwar kusan 1,800 a shekara. Ka tambayi wane magani za a ba Baba, don me, yaushe likita zai sake dubawa.

Sai abin da ya shafe mu mu kaɗai. Mai gigin tsufa yakan zubar da harshen da ya koya da girma ya koma na ƙuruciya. Hajiyar da ta yi shekaru tana aiki da Turanci sai ta wayi gari Hausa kawai take ji. Tana cewa tana son yin alwala, ana rubuta cewa ta rikice tana wasa da famfo. Tana ture namijin da ya zo yi mata wanka, ana rubuta cewa tana da faɗa. Wallahi wannan na sa ni hawaye. Tun ranar farko a sa a rubuce cikin tsarin kulawarta: mace ce za ta yi mata wanka, abincin halal, lokutan salla, gefen alƙibla, ɗankwalinta a kanta in za a fito da ita falo. Yadda manaja ya karɓi waɗannan buƙatu, da sakin fuska ko da ƙosawa, ya ishe ka sanin gidan.

Kuɗin ba wasa ba ne, sau da yawa ya haura fam 1,000 a mako, kuma wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Don haka kada kunya ta hana ka tambaya. Bayan an kai shi ma ku raba zuwa tsakaninku, kuna sauya lokaci, ku riƙa ɗaga bargo kuna duba bayansa da dugadugansa. In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku rubuta wa manaja da kwanan wata, ku ajiye kwafi. In bai motsa ba, ku kira sashen kare manya na ƙaramar hukumar da gidan yake, ku kuma sanar da CQC a ranar.