Ranar da Na Wanke Sarkin Ingila

Adakar kakana ce ta jefa ni cikin wannan harka. Marigayin akawu ne a En'e, kuma ba ya yar da takarda ko da ta tsire ce. Da aka zo rabon tarkace kowa ya ɗauki abin amfani, ni aka bar ni da adaka cike da tsofaffin wasiƙu. A daren na shiga intanet na ga akwai kan sarkin Arewacin Nijeriya na fam 25, wanda aka fitar a 1904 da hoton Sarkin Ingila Edward na Bakwai, kuma masu tara kan sarki suna zuba masa kuɗin sayen gida. Kafin asuba har na zaɓi unguwar da zan koma.

Na fam 25 dai bai fito ba. Abin da ya fito na ɗari ne, wato rabin kwabo, da na kwabo, da taro, da sisi, yawancinsu da hoton Sarauniya Elizabeth, sai 'yan na bikin 'yancin kai na 1960 da ba a taɓa liƙawa ba, da tulin na bayan 1973 lokacin da aka koma naira. A can ƙasa kuma ga wani ambulan da ya girmi kakan nawa, da kan sarki na kwabo ɗaya mai hoton Edward ɗin, an buga masa hatimin Zungeru raɗau.

To ni ɗan kasuwa ne, kuma a kasuwarmu ba a baje kaya da datti. Na ce sai na yi musu wanka.

Jiƙa kan sarki fa abu ne da ake yi. Ana yanke takardar da ke kewaye da shi, a saka a ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi minti 10 zuwa 15, har ya zame da kansa ba tare da an ja shi ba. Sai a ɗauraye, a kifa shi a kan takarda mai tsotse ruwa, idan ya sha iska a danne shi da littafi mai nauyi ya kwana. Duk na karanta wannan. Abin da ban kai gare shi ba shi ne sakin layi na biyu, inda aka ce a ware duk wanda ke kan ambulan mai launi. Na kuma yi lissafin cewa in ruwan ɗumi na aikin a minti 15, tafasasshe ai minti uku ya ishe shi. Na ɗauko kwanon miyar uwargida na juye duk waɗanda na yanko a ciki, har da guntun wani jan ambulan.

Ruwan ya koma zoɓo. Sarauniyoyi kusan talatin suka fito kamar an kwana ana yi musu lalle. Shi kuwa Edward, abin nasa ya fi muni. Kamfanin De La Rue da ya buga waɗannan kan sarki da gangan ya yi amfani da tawada mai narkewa a ruwa, musamman shunayya da koriya, don kada wani ya wanke hatimi ya sake liƙawa. An haɗa tarkon ne don ɓarayin zamanin Lugga, bayan shekara ɗari da ɗoriya ya kama ni. Fuskar sarki ta dushe, gemun ma sai da na karkata ga taga na gan shi.

Na 1960 ba su shiga ruwa ba, amma sun ɗan lanƙwashe, don haka na shimfiɗa su a kan zani na yayyafa ruwa na bi da dutsen guga. Gam ɗin da ke bayansu, wanda shi ne rabin darajar kan sarkin da ba a yi aiki da shi ba, ya farka ya yi aikin da aka halicce shi dominsa. Uwargida ta ɗaga atamfarta ta duba ta ce, "Malam, wace ƙasa za ka aika ni?"

Duk da haka na buɗe shago. Shafukan intanet da aka fi wannan ciniki su ne eBay da Delcampe da HipStamp, kuma kafin mutum ya saka kaya ya kamata ya tabbatar ta wace hanya kuɗi za su iso asusunsa a nan gida, ya kuma cire la'adar shafin da kuɗin aikawa daga farashin. Ni ban yi ko ɗaya ba. Hoto ma da dare na ɗauka da waya, a kan ledar tebur mai furanni, inuwar babban yatsana ta rufe rabin sarki. Yadda ake so shi ne a saka a sikana, a saita kaifin hoton a kan lamba 600, a ɗora baƙar takarda a baya don gefuna su fito, a nuna gaba a nuna baya.

Kwana huɗu sai ga saƙo daga wani mutumin Jamus da tambayoyi uku. Haƙoransa nawa? Wane tambarin ruwa ne a jikinsa? Akwai alamar maƙali a baya?

Na zauna da tsinken sakace na ƙirga haƙoran gefe huɗu kaf, na rubuta masa sittin da wani abu. Batun ruwa kuwa na tabbatar masa ya kwantar da hankalinsa, na shanya shi sarai, babu ko ɗigo. Bai sake magana ba.

Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi ritaya daga gidan waya, shi na kai wa ƙara. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce haƙora ana ƙirga su ne a cikin santimita biyu kawai, da wani ɗan ma'auni na kwali ko roba, kuma amsar nawa 14 ce. Tambarin ruwa kuma zane ne da ke cikin jikin takardar tun daga masana'anta. A irin nawa, kambi ne da haruffan CA: a fitowar farko guda ɗaya ne a kowane kan sarki, daga baya aka koma mai yawa a jere, kuma wannan bambancin kaɗai yana canza farashi a kundin Stanley Gibbons, littafin da ke jera farashin kan sarki. Ana kifa shi a baƙin faranti a ɗiga masa ruwan gwaji mai bushewa nan take, sai zanen ya bayyana. Na ce, "Baba, kananzir fa?" Ya ce, "Ɗana, ka bar sarkin nan ya huta haka."

Maƙali kuwa ɗan guntun takarda ne mai gam da mutanen da suke liƙa kan sarki da shi a kundi. Sabon kan sarki da bai taɓa ganin maƙali ba ya fi mai tabonsa tsada, kuma dole a faɗa wa mai saye. Ya hana ni taɓa su da hannu, ya ba ni aron hantsaki mai faɗin baki. Ya ce da damina a ajiye kundi a tsaye, nesa da bango, in ba haka ba gam zai kama takarda, tsatsa-tsatsa kuma ta fito.

Sai ya tambayi ambulan ɗin. Na ce wane? Ya ce wanda na ciro Edward daga kai, mai hatimin Zungeru, tsohuwar hedikwatar Arewa. Kan sarkin kwabo an buga su da yawa, ba wani kuɗi ba ne, amma cikakken ambulan da hatiminsa da adireshinsa shi masu tarihin gidan waya ke nema, ya ninka kan sarkin sau da yawa. Na yi shiru. Rabinsa almakashi ya ci, ragowar kuma da shi aka hura gawayin da na yi gugar.

Ciniki na farko ya zo bayan wata guda. Na haɗa guda hamsin na bayan 1973, waɗanda Allah ya tsare daga kwanon miya, na sayar a dunƙule, don irin waɗannan ba sa tafiya ɗai-ɗai kuma ba wanda ke biyan farashin kundi a kansu. Wannan karon na bi ƙa'ida: jakar takarda mai santsi, kwali biyu gaba da baya, leda a kai saboda ruwa, ba salatif ko kusa da su. Na aika da rajista. Sababbin kan sarkin da na saya na liƙa a bayan ambulan sun fi kayan da ke ciki tsada, na dawo gida da asara da rasit.

Bayan mako uku mai sayen ya rubuto. Ya ce kaya sun iso lafiya, galibinsu ma yana da su, amma ambulan ɗin ya burge shi ƙwarai, hatimin ya fito tsaf. Ko zan iya aiko masa da wasu guda biyar daga garuruwa daban-daban? Ba sai na sa komai a ciki ba.