Wa muke jira?

Duk wanda ya kira ni daga gida, bayan gaisuwa da "yaya kuke da yaƙi?", maganarsa ba ta wuce guda: ƙasa ta lalace, fetur ya gagari talaka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, 'yan bindiga sun hana noma a Zamfara da Katsina, sai dai a jira zaɓen 2027. Ban ƙaryata ko ɗaya ba. Jiran ne yake damuna, don a nan Sudan na ga inda irin wannan jira yake kai mutane.

'Yan Sudan ma sun rataya ransu a kan sauyin shugaba. Ranar 11 ga Afrilu 2019 Umar al-Bashir ya faɗi bayan shekara 30 yana mulki, matasa suna zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja a Khartum suna ganin gari ya waye. Ranar 3 ga Yuni aka buɗe musu wuta. A Oktoban 2021 soja suka ture gwamnatin riƙon ƙwarya, ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma Burhan, shugaban sojan ƙasa, da Hamidti, shugaban dakarun RSF, suka juya wa juna bindiga. Sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu. Mu ma mun san ɗanɗanon wannan, mu da muka kwana muna ihun "Sai Baba" a 2015.

Abin da ya rage bayan komai ya rushe shi ne abin da nake so a gani. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun Hamidti a Disambar 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo mana nan Gadarif, cikinsu har da Hausawa 'yan uwanmu na garuruwan bakin kogi. Makarantu suka cika da 'yan gudun hijira. Ba wanda ya tsaya sai gwamnati ta turo. Matasan unguwa, waɗanda da yawansu su ne masu zanga-zangar jiya, suka ɗora manyan tukwane, abin da ake kira takiyya. Wannan ya kawo buhun dawa, wancan adas (wani irin ƙaramin wake), wata ta kawo itace, wata hannunta kawai gare ta, ta zauna tana tuƙi tun asuba. Na lura ba su cika zancen yaushe yaƙi zai ƙare ba. Zancensu gawayin gobe ne da albasa. A wurina wannan ne fata na gaske, don ba mai ɗora tukunyar gobe sai wanda ya yarda akwai goben.

Ba ina ƙawata wahala ba ne. An tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur a Agustan 2024, kuma tukwane da dama sun mutu don ba abin zubawa. Tukunyar unguwa ba ta tsayar da harsashi.

Ita fasahar zamani da ake cewa za ta cece mu, nan na daina yi mata kallon mai ceto ko maƙiyi. Da manhajar Bankak ɗan uwa a Jidda yake turo kuɗin abinci cikin ƙiftawar ido. Da aka yanke layukan waya da intanet a Fabrairun 2024, kuɗin suka tsaya cak, girki ya tsaya a unguwanni da yawa na Khartum. Fasahar ce kuma ta kawo jirage marasa matuƙa da suka kai hari Port Sudan a Mayun 2025. Waya ta yi amfani ne inda akwai mutanen da suka riga suka san juna, suka amince da juna.

Ruwa ma bai bambanta mu ba. Madatsar Arba'at ta ɓalle kusa da Port Sudan a Agustan 2024, bayan 'yan makonni ta Alau ta cinye Maiduguri. A can ma maƙwabta ne suka fara tsamo mutane, gidaje suka riƙa dafa abinci suna kaiwa. Ashe muna da abin. Muna da gayya, muna da adashi, muna da zumunci. Sai dai muna tashinsu ne ranar masifa, da ruwa ya janye mu koma zauren hira muna lissafin wanda zai tsaya takara.

Hausawan Maiwurno jikokin waɗanda suka rasa komai ne. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka zauna kusa da Sinnar suka kafa gari, suka kama noma da kamun kifi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in alƙiyama ta tsaya alhali ɗayanmu yana riƙe da dashen dabino, in zai iya dasawa ya dasa. Bai ce ya tsaya ya ga ko za a ɗaga ba.

A yi zaɓe, a kuma tsare ƙuri'a, ban hana ba. Amma kafin 2027 ina so kowace unguwa a Kano da Gusau da Funtuwa ta san gidajen da ba a ɗora tukunya a cikinsu ba yau, ta kuma san mutum biyar da za a buga wa ƙofa a kan haka.