Ƙannena masu zuwa yawon kogo, ku saurara

Tun bayan Sallah nake ganin bidiyon samarinmu na Agege da Mile 12. An yi karo-karo an ɗauki shatar mota daga Legas, wasu sun tsaya a Dutsen Olumo na Abeokuta, wasu har kogon Ogbunike a jihar Anambra. A wani bidiyon na ga yaro ya ɗaga tocila yana ihu don jemagu su tashi, baki a buɗe, ƙura na zuba masa a fuska. Abin ya tsaya mini a rai.

Ƙannena, ƙurar nan busasshen kashin jemage ne, kuma a cikinsa wata funfuna mai suna histoplasma take girma. Shaƙarta kawai ya isa. Bayan kwana 3 zuwa 17 sai zazzaɓi, tari da ciwon ƙirji, har a ɗauka tarin fuka ne. Da yawa kan warke da kansu, amma wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai cutar ƙanjamau, tana iya kai shi kushewa. Nau'inta na Afirka ya fi cin fata da ƙashi, kuma a ƙasar kogon Ogbunike ɗin nan masu bincike suka taɓa gano shi. A 2008 wata 'yar ƙasar Holan ta shiga wani kogon jemagu a Yuganda, ta koma gida cutar Marburg, wata cuta daban mai kama da Ebola da jemagu ke ɗauke da ita, ta kashe ta.

Ku je ku ga ikon Allah, amma da shiri. Ku sa takunkumin N95 da ya rufe hanci ruf, na yadi ba ya tare wannan ƙura. Kada ku tayar da jemagu, kada ku ci komai a ciki, kuma mai rauni a ƙafa kada ya tsoma ta a ruwan kogo saboda fitsarin ɓera. Wanda jemage ya ciza ko ya yaga, ya wanke wurin da sabulu minti 15, ya nufi asibiti ranar don allurar ciwon haukan kare.

In an dawo zazzaɓi ya kama ɗayanku, don Allah kada a tsaya sayen maganin maleriya a kemis. A je asibiti, ya ce wa likita: "Na shiga kogon jemagu ranar kaza." Idan bai faɗa ba, da wuya tunanin likita ya kai can.