Rashin harsashi ba ya nufin babu haɗari

Wani labari ya ce masu kwaikwayon yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 wasa kawai suke yi a bikin ƙarshen mako, tunda bindigoginsu ba harsashi. Wannan magana akwai gyara. Bindigogin irin Springfield da Enfield ne, ta baki ake ɗura su, kuma albarushi na gaske ake zubawa, kimanin giram 4 a kowane harbi. Mai harbi ya yage ƙunshin takardar albarushi da haƙori, ya juye albarushin, ya yar da takardar. Sandar ɗuri kuwa an hana zare ta a filin wasan, domin idan aka manta ta cikin bututu za ta fita kamar mashi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar hawan Sallah ya san zafin da ke fitowa daga bakin bindiga. Igwa ta fi tsanani: bayan kowane harbi sai an goge cikinta da jiƙaƙƙen soso, wani kuma ya toshe ramin kunnawa da babban yatsa, in ba haka ba ragowar garwashi ya tayar da sabon ɗuri a hannun mai ɗurawa. A taron kwaikwayon yaƙi na garin Gettysburg a 1998 harsashi na gaske ya sami wani a wuya. Ga kayan ulu da masu kwaikwayon ke sawa a zafin Yuli da ke sumar da mutane. To me ya sa labarin bai faɗi wa ke duba bindigogin kafin a shiga fili ba, da tazarar da aka ba 'yan kallo masu yara?